Tawakkali da Shirin Haihuwa

Jama'ar Sabo, akwai maganar da muke yawan ji idan aka ce wa magidanci ya kai iyalinsa awon ciki. Sai ya ce, "Malam, haihuwa ai ta Allah ce." Gaskiya ne, ta Allah ce. To amma wanda ya yi shiri, ya rage tawakkalinsa ke nan?

Mu duba ƙissar Nana Maryam a cikin surar da ke ɗauke da sunanta. Naƙuda ta kai ta gindin dabino, ita kaɗai. Wanda ya ba ta ɗa babu uba ba zai gaza zubo mata 'ya'yan dabino ba, amma aka umarce ta ta girgiza itacen, ta ci, ta sha. Mace a kan gwiwa, wane ƙarfi gare ta na girgiza dabino? Duk da haka sai da ta motsa hannu. In an nemi sababi daga wannan baiwar Allah, mu wane uzuri za mu kawo?

Mu 'yan kasuwa ne. Ba wanda ke ɗora goro a mota zuwa Kano bai duba ganye da ɗauri ba, ya ce Allah zai tsare. Ragon suna kuwa tun ciki na wata biyar muke yi masa tanadi. Kuɗin mota da na asibiti sai ƙarfe biyun dare ake bugun ƙofar maƙwabci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce iyayenmu a ɗaka suka haife mu, ga mu a raye. Haka ne. Amma mu da muka rayu ne ke ba da labari, waɗanda suka tafi a kan gwiwa ba sa magana. Sannan a gida yarinya takan tafi goyon ciki gaban uwarta, ga gwaggo, ga ungozoma. Nan Ibadan uwar tana Katsina ko Sakkwato, nas ɗin kuma Yarbanci ko Turanci take yi. Nauyin da dangi ke ɗauka ya dawo wuyan miji da maƙwabta.

Shirin ba boyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. A wajen awo ake gwada hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar sarƙe-haƙora. A can ake sanin ko ɗa ya kwanta daidai. Ta riƙa ɗan tattaki kullum, ta ci abinci mai gina jiki. Ta tambayi nas tun da wuri ko za a bar ta ta zazzaga in naƙuda ta fara, ko ta durƙusa kamar yadda kakanninmu ke yi, domin tsayuwa da tafiya kan taimaki farkon naƙuda. A zaɓi macen da za ta raka ta, mai jin yaren. A san direban da za a kira, a san mai ba da jini.

Sai batun kunya. Kunya ado ce, ba ma ja. Amma wadda ke sa 'yar fari ta danne ciwo kwana da yini don kada a ji nishinta, ita ce ke jawo doguwar naƙuda a ɗaka, har a ƙare da yoyon fitsari ko rasa rai. Zubar jini, kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, ko ɗa ya daina motsi, duk ba abin ɓoyewa ba ne. Maigida, ka ba da izini tun yau: in an ga ɗaya daga ciki, a tafi Adeoyo ko asibiti mafi kusa, ko kana Legas.

Matar nan amana ce a hannunmu, za a tambaye mu. Mu yi iyakar namu, sannan mu ɗaga hannu mu roƙa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa. Amin.