Idan Ka San Gaskiya Amma Ba Ka Da Shaida

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wikipedia, kundin ilimin nan na intanet da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a watan Janairun 2001, ba ma'aikata ne ke rubuta shi ba. 'Yan sa-kai ne, kuma akwai matasanmu a cikinsu, wasu a sashen Hausa, wasu a na Turanci ko Larabci. Akwai wata rigima da ke yawan tashi tsakaninsu wadda nake ganin ta shafi addini kai tsaye.

Mutum zai zauna ya rubuta tarihin wani malamin garinsu: inda ya yi karatu, littattafan da ya karantar, almajiran da ya yaye. Duk gaskiya ne, don a gabansa ya yi zaman karatu. Washegari sai wani edita, wanda ko sunan garin bai taɓa ji ba, ya goge rubutun ya ce ina madogara? Wannan ya mayar, wancan ya sake gogewa. A sashen Turanci ma har doka gare su: ka mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24, ana iya toshe ka, ko da kai ne mai gaskiya. To, an zalunce shi ne?

Ni dai ban ga zalunci a neman madogara ba. Abu Musal Ash'ari (RA) ya je ƙofar Sayyidina Umar (RA), ya nemi izini sau uku, bai ji amsa ba ya juya. Da aka tambaye shi dalili ya ce haka ya ji daga Annabi (SAW). Umar ya ce sai ya kawo wanda zai shaida masa, sai da Abu Sa'idil Khudri (RA) ya taso ya shaida. Bukhari da Muslim duk sun kawo ƙissar, kuma a ruwayar Muwaɗɗa Umar ya bayyana masa cewa ba tuhumarsa yake yi ba, gudu yake kada mutane su riƙa ƙirƙirar magana suna jingina wa Manzon Allah (SAW). Sahabi fa ke nan! Balle ni da kai, da muke rubutu da sunan aro a bayan waya.

A mazhabarmu ta Malikiyya ma alƙali ba ya yanke hukunci da abin da ya sani shi kaɗai, sai da shaidu ko iƙirari. Ba don saninsa ƙarya ba ne. Don in aka buɗe wannan ƙofa, azzalumin alƙali ma cewa zai yi ai na sani. Haka editan nan yake, ba shi da hanyar da zai bambance ka da wanda ya zo yana kambama shehinsa da karamomin da ba su faru ba.

Amma fa dokar tana da nata rauni, kada mu ɓoye. Tana fifita mutanen da aka riga aka yi rubutu a kansu. Ɗan ƙwallon da jaridu suka yi ta yayatawa shekara biyu zai samu shafi, malamin da ya yi shekara 40 yana karantar da Iziyya da Risala da Askari a zaure ba zai samu ba. Wannan abin ciwo ne. Sai dai laifin wa? Magabatanmu ba su bar malamansu a baki kawai ba. Ahmad Baba na Tumbutu ya tattara tarihin malaman Malikiyya a Nailul Ibtihaj. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh don ya lissafo waɗanda ya yi karatu a wurinsu. Mu ne muka ajiye alƙalami, sai ta'aziyyar layi uku a Facebook ranar da malam ya rasu.

Inda abin ya fi damuna shi ne abin da fushi ke sa wasu yi. Wani zai buɗe asusu uku ko huɗu, su zo suna goyon bayan juna a shafin tattaunawa kamar mutane daban-daban. Wallahi wannan ɗan'uwan shaidar zur ne. Wani ya jingina maganar ga littafin da bai ƙunshe ta ba, har da lambar shafi, saboda ya san ba mai dubawa. Wai don kare martabar malam. Malamin da ya koya maka hukuncin ƙarya ne za ka kare da ƙarya? Dokokinsu da kansu sun ce edita ya kyautata wa ɗan'uwansa zato, abin da Suratul Hujurat ta riga ta hore mu da shi, amma sai ka ga namu ne ya fara jifan mutum da ƙin Musulunci don kawai ya ce ina madogara.

Kada a fahimce ni da cewa duk dokarsu daidai ce. Sashen Turanci yana cire salati bayan sunan Annabi (SAW), kuma a 2008, duk da ɗimbin Musulmin da suka sa hannu a takardar koke, sun ƙi cire zane-zanen da aka jingina masa. Wannan ba mu yarda da shi ba, kuma wata mas'ala ce daban da ta madogara. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya nisanci waɗannan shafukan, ga dubban shafuka can na fiƙihu da tarihi da lafiya da ke jiran mai gyara.

Shi kuwa mai tarihin malamin garinsu, ya bar ja-in-ja. Ya je ya zauna da 'ya'yan malam da tsofaffin almajiransa tun suna raye, ya tantance shekaru, ya kai wa jarida ko mujallar jami'a ko maɗaba'a mai tace rubutu. Ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, ga aiki nan. In an buga, editan da ya goge jiya ba shi da sauran hujjar cewa ina madogara.

Allah Ya sa mu dace.