Tafiyar Yakubu: Magana ga Mai Mota da Mai Keke

Karatu: Farawa 33:12-14

Maganarmu ta wannan wata a kan wata gaba ce wadda ba a yinta da takobi, amma tana zub da jini kowace rana, watau gabar mai mota da mai keke. Direba ya kan ce mai keke ba ya bin doka, sai ya faɗo titi kamar akuya. Mai keke kuwa ya kan ce direba ba shi da tausayi, yana gani hanya gadon gidansu ce. Kowa da tasa hujja. Amma ga shi, su biyun a benci ɗaya su ke zama ran Lahadi, tare kuma su ke cin Jibin Ubangiji. Ina amfanin mu ba juna hannu cikin majami'a, idan mun fita kuwa mu tura juna cikin lambatu?

Bari mu duba Yakubu. Sa'ad da ya sulhunta da wansa Isuwa, sai Isuwa ya ce su kama hanya tare. Isuwa yana da mutum 400, ƙarfafa masu sauri. Yakubu kuwa yana da ƙananan yara, da tumaki da shanu masu shayarwa. Sai ya roƙi wansa ya yi gaba, gama ya sani idan aka matsa wa garken ko da yini guda ne, asara za a yi. Shi dai zai biyo sannu, gwargwadon ƙarfin dabbobi da yara. Ashe Yakubu bai auna tafiya da ƙafar mai ƙarfi ba, da ƙafar marar ƙarfi ya auna ta. Ku tuna kuma, bai daɗe da yin kokawa a Feniyel ba, ya fito yana ɗingishi. Mutumin da Allah ya taɓa ya kan koyi tafiya a hankali.

Wannan magana ta rai da mutuwa ce. A shekara ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Haɗari ba ya duban muƙami. A shekara ta 2001 wata bas ta ture Ojo Maduekwe cikin rami a Abuja yana bisa kekensa, alhali shi ne ministan sufuri na Nijeriya a lokacin, shi ne kuma ke kiran jama'a su riƙa hawan keke. Allah ya kiyaye ransa ran nan. To, idan minista bai tsira daga turewa ba, ina labarin manomi mai buhun masara a bayan keke, ko yaro mai zuwa makaranta?

Da fari, gare ku masu mota. Ƙaramar mota ta kan kai kilo 1,000, keke kuwa yaro ma yana iya ɗaga shi. Idan an yi karo, mota fenti za ta rasa, mai keke kuwa ƙafa ko rai. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin wajen mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya; idan kuwa ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ci kafin ka tsaya ya kan ninku sau huɗu. Saboda haka nauyinku ya fi nasa. Ubangijinmu ya koya mana cikin Luka 12:48 cewa gwargwadon abin da aka danƙa wa mutum, gwargwadon abin da za a tambaye shi ke nan. Bulus kuma, cikin Romawa 15:1, ya ɗora wa masu ƙarfi kayan raunana.

Har masu mulkin duniya sun gane wannan. A Birtaniya, cikin Janairu 2022, an sabunta ƙa'idodin hanya, aka ce wanda abin hawansa ya fi iya ɓarna, shi ya fi ɗaukar alhakin lura. Aka kuma ce direba ya bar aƙalla mita 1.5 tsakaninsa da mai keke sa'ad da zai wuce shi. Amma tun zamanin Musa Allah ya riga su. Cikin Kubawar Shari'a 22:8 an umurci mai gina gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo, jininsa ya zauna a kan gidan. Maigidan bai yi nufin kisa ba, duk da haka sakaci ya isa ya jawo masa alhaki. Kai direba, filin da ka bar wa mai keke shi ne rawanin soronka. Idan hanya ta matse, ko a kwana, ka jira. Kada ka danna masa oda a kunne har ya firgita ya faɗi. Kafin ka buɗe ƙofa, ka waiwaya. An san Yehu daga nesa saboda tuƙinsa na hauka (2 Sarakuna 9:20). Kai fa, da wane irin tuƙi a ke saninka a gari?

Na biyu, gare ku masu keke. Kada ku ce tun da mu ne raunana, ba mu da laifi. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, amma har yau a kan ga mai keke yana tunkarar motoci a hannun da ba nasa ba. Wani ya fita da dare ba fitila, sanye da baƙar riga. Wani birkinsa tafin ƙafarsa ne. Wani ya juya ba tare da miƙa hannu ba, wani kuma ya kama bayan lori domin ya huta da tuƙi. Idan aka yi masa magana sai ya ce Allah ne mai tsaro. Gaskiya ne, amma Ubangijinmu da kansa ya ƙi dira daga kan haikali, domin kada ya gwada Allah (Matta 4:5-7). Direban da ya buge ka cikin duhu zai ɗauki wannan baƙin ciki har kabarinsa. Kada ka ɗora masa shi saboda kuɗin fitila. Dokar hanya kuma, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tsarewa tun 1988, tana kan mai keke kamar yadda ta ke kan mai mota, Romawa 13 kuwa ba ta ware kowa ba.

Na uku, gare mu duka, sai mu tsare harshe. Yawancin faɗan hanya da zagi ya ke farawa. Bakin da ya raira waƙar yabo da safe bai kamata ya zagi uwar wani da rana ba. Wanda ka zaga yau, wataƙila gobe shi za ka kai wa bishara. Da wane ido za ka dube shi?

Muna roƙon dattawan ekklesiya su sa hannu. A duba kekunan masu bishara da ke zaga ƙauyuka, a saya musu fitila da robar birki. A koya wa yaran makarantar Lahadi hannun da za su bi. Wanda Allah ya ba mota kuwa, ya tashi da wuri domin kada latti ya sa shi gudu, gama sauri ya kan haifi nawa.

Ubangiji Yesu, Makiyayi mai kyau, bai taɓa kora mu fiye da ƙarfinmu ba. Bari ya ba mu zuciya irin tasa a bisa sitiyari da bisa sirdin keke, ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.