Rumbun maƙwabci

Ya kai mai karatu, ga tambaya guda. Damina ta yi gardama. Rumbunka bai cika ba. Na maƙwabcinka kuwa ko zangarniya babu. Ya zo ƙofar gidanka da ƙwarya. Za ka ɗiba masa, ko za ka ce iyalina tukuna?

Gwamnatoci ma suna gamuwa da wannan tambaya.

Dattawa ba su manta da farin 1973 ba. Bisashe sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, mutane sun bar garuruwansu. Hatsin taimako ya zo daga Amurka da Turai. Amma Nijar ba ta da bakin teku. Sai jirgin ruwa ya sauke buhuna a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai su Faraku, sannan manyan motoci su shigo da su. Ka gani, kyautar na nesa ma sai ta ratsa gonar na kusa.

A watan Satumba na 1973 ƙasashe 6 suka taru a Wagadugu: Nijar, Mali, Cadi, Senegal, Muritaniya da Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Hot Volta. Suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari, CILSS. A 1974 aka buɗe mata cibiya a Yamai, mai lura da ruwan sama da amfanin gona.

Amma zumunci bai tafi daidai kullum ba. A 1984 fari ya dawo. A shekarar nan Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986. Hanyar hatsi da ta ƴan cin rani ta toshe. Shi ya sa aka sa wa wannan yunwa suna El Buhari. A 2005 kuma, bayan fari da fara sun haɗu mana a 2004, wasu maƙwabta suka hana fitar da hatsinsu.

Shin sun yi laifi? Shugaba zai ce: amanar mutanena aka ba ni. Maganarsa da gaskiya. Mai gidan da ya rabar da gero duka, ƴaƴansa suka kwana da yunwa, ba a yaba masa.

To, amma ba wanda ya ce a ba da duka. Fari bai san iyaka ba. Fara ba ta nuna takarda a duwan. Bana kai ke da hatsi, baɗi shi ne. Taimako tsakanin ƙasashe kamar gayya yake: wanda ya ƙi zuwa ta wani, ranar tasa shi kaɗai zai riƙe hauya.

Gayya kuwa tun da wuri ake sanar da ita. Kowace ƙasa ta zuba rabonta a rumbun tsimi tun ana cikin ƙoshi, a yarda da yadda za a raba. In an jira sai yunwa ta shigo, tsoro ne zai yi rabon.

Saura abu guda. Buhun taimako amana ne. In ya tsaya a hannun manya, an ci amanar mai bayarwa da ta mai jira. Sojojin da suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974 sun ambaci ɓarnar da aka yi da hatsin taimako.

Yanzu ka koma ga mai ƙwarya da ke tsaye a ƙofarka. Ku tattauna a ajin yaƙi da jahilci: a garinmu, wa ke riƙe da mabuɗin rumbun tsimi, kuma me muka tanadar wa maƙwabta?