Maƙala a Kan Ciwon Noma da Gyaran Fuskar Yaro

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ƙera ɗan Adam, Ya sanya fuska mahaɗar gani da numfashi da magana, Ya kuma zaɓe ta ta zama abin da bawa ke azawa a ƙasa idan ya yi sujada. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, cikin cututtukan da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ke fama da su akwai wanda likitan Turai kan gama aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa ganinsa ba, alhali a ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Damagaram an san shi sarai. Likitoci na ce masa noma, a karkara kuwa wasu kan ce ciwon iska. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ya fi kamawa, musamman wanda aka yaye cikin yunwa, ko wanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a bakin kowa ne ke samun ƙofa idan garkuwar jiki ta faɗi.

Farkonsa ba ya firgita kowa, kuma nan ne haɗarin yake. Dasashi ya yi ja, yana jini idan an taɓa. Sai miki ya fito a gindin haƙori, baki ya soma wani irin ɗoyi da uwa ba ta saba ji ba, yawu na dalala, yaro ya ture kokon kunu. Kwana kaɗan kunci ya kumbura ya yi tauri, sai wani baƙin tabo ya bayyana a tsakiyarsa. Wannan baƙin nama ne da ya riga ya mutu. Kafin mako biyu yakan zube, ya bar rami har ana hango haƙora da ƙashi daga waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara kusan 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma tara cikin goma na waɗanda ba a yi wa magani ba sukan rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba kowane kumburin muƙamuƙi ne noma ba. Akwai ƙurjin da ruɓaɓɓen haƙori ke jawowa, akwai kuma ciwon dajin da Denis Burkitt ya siffanta a Yuganda a 1958, wanda ke girgiɗa haƙoran yaro, sai an yanki ɗan nama an auna ake tabbatar da shi. Likita mai lura yakan buɗe bakin ya haska da tocila, ya shaƙi warin, ya tambayi uwa rashin lafiyar da yaron ya yi kwanan baya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne arhar maganinsa a kwanakin farko: amoxicillin da metronidazole, wanke baki da ruwan gishiri ko chlorhexidine, ruwan sha da abinci mai gina jiki. Amma da an ce iska ce, sai a rufe yaro a ɗaki a dinga turare, kwanakin da za a cece shi su wuce. Ba na tauye addu'a, Allah Ya tsare ni. Sai dai wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da malantarsa da nauyin mulki, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magunguna.

Wanda ya rayu yakan fito da leɓe ko hanci a cinye, kuma tabo kan ɗaure muƙamuƙi har baki ya ƙi buɗuwa, wani lokaci ma ƙashin sama da na ƙasa su haɗe. Likita ba ya gaggawar wuƙa. Sai miki ya warke, tabo ya gama kamewa, yaro ya yi ƙiba. Sa shi barci ma gwaninta ce, domin bututun numfashi ta hanci ake zura shi, da siririn madubi mai haske yana nuna hanya. Sannan a yanke tabon, a raba ƙashin, a ɗauko fata daga goshi ko ƙirji tare da jijiyar jininta a rufe ramin ciki da waje. Sau da yawa sai an shiga tiyata fiye da sau ɗaya.

Na ji masu shakka ko wannan canza halittar Allah ne. Amsarsu na cikin abin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito game da Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya. Ya ƙera na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinariya, duk da an haramta wa maza ado da ita. Daga nan malamai suka fahimci cewa gusar da aibi mayar da halitta ne ga asalinta.

Asibitin yara masu noma na Sakkwato, da aka buɗe a 1999, yana yin wannan tiyata kyauta, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin yaran a Damagaram. A Disamban 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Amma bayan an sallami yaro, sauran aikin na hannun iyaye ne: kullum a sa shi motsa muƙamuƙi, ana jera 'yan faffaɗan itatuwan nan na asibiti tsakanin haƙoransa ana ƙara ɗaya a kan ɗaya, har tsawon watanni. Idan aka yi sakaci, bakin da aka buɗe yakan sake kullewa.