SANDAR MAKIYAYI

Ɗan'uwa mai karatu, ka lura da makiyayi. Da damina, in akuya ta doshi gonar mutane, yakan ɗaga sanda ya komo da ita. Da rani kuwa, da sandan nan yake kakkaɓo mata 'ya'yan gawo ta ci. Haka aikin fasto da dattawan ikilisiya yake. Amma sa'ad da ɗan'uwa ya faɗi cikin zunubi, me ya wajaba a kanmu, tsautawa ko lallashi?

Waɗansu sukan ce, a yi shiru domin zaman lafiya. Ka tuna da Eli firist. 'Ya'yansa, Hofni da Finehas, suna ta ɓarna a gidan Ubangiji, ya yi musu magana amma bai hana su ba. Rana ɗaya suka mutu su biyu (1 Sama'ila 4). Wanda ya ga ɗan'uwansa a bakin rijiya ya yi shiru, ba ƙaunarsa yake yi ba.

Amma ni wani kuskure dabam na yi. A shekara ta 2005, bayan fari da fara sun cinye amfanin gona, wani ɗan'uwa mai 'ya'ya shida ya ɗebi hatsi daga rumbun ikilisiyarmu da dare. Muka kira shi gaban jama'a, muka sa shi a horo wata shida, muka hana shi Jibin Ubangiji. Laifinsa gaskiya ne. Amma a cikin watannin nan ban taka ƙofar gidansa ko sau ɗaya ba, ban kuwa tambayi abin da yaransa suke ci ba. Ya tafi cin rani, har yau bai komo cikinmu ba. Ubangiji zai tambaye ni wannan tunkiya.

Da mun bi Matiyu 18, da na fara zuwa wurinsa ni kaɗai. In ya ƙi ji, sai in koma da mutum ɗaya ko biyu. Gaban ikilisiya shi ne na ƙarshe, mu kuwa da shi muka fara. Bulus ma ya roƙi Korantiyawa su gafarta wa wanda suka hora, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya fi ƙarfinsa (2 Korantiyawa 2). Gama ana horo domin a komo da mutum ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka, kai dattijo, in ka tsauta wa mutum ran Lahadi, ka gaishe shi a gidansa ran Litinin. Kai maigida, ke uwargida, haka za ku yi da 'ya'yanku. Kai kuma da kake cikin horo yau, kada ka gudu. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, Yesu kuwa ya sāke danƙa masa tumakinsa (Yahaya 21).

Akwai wanda ya daina zuwa sujada a garinku? Kada makon nan ya wuce ba ka je gidansa ba.