Ciwon Damuwa A Gidan Aure

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, aya ta 21 ta Suratur Rum ta nuna cewa an yi aure ne domin natsuwa da ƙauna da jinƙai. To, natsuwa ba ta zama a gidan da ɗaya ke ci gaba, ɗaya kuwa an danne shi.

Sau da yawa za ka ga ɗan kasuwa a Kantin Kwari, daura da Titin Ibrahim Taiwo, tun hantsi har isha'i yana cikin jama'a, arzikinsa da wayewarsa suna ƙaruwa. Matarsa kuwa ya hana ta Islamiyya, ya hana ta sana'a, ya taƙaita mata zumunci. Sannu a hankali barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta. Sai a ce aljanu ne, ko raunin imani. Alhali likitoci sun bayyana cewa idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako 2 ba sassauci, mai yiwuwa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Yakan kama mai jego, yakan kama magidancin da jarinsa ya karye.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke tasowa daga jiki, mai bukatar magani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke barin matansu cikin jahilci.

Abin koyi yana gidan Manzon Allah (S.A.W.). Da ya dawo daga kogon Hira a firgice, Nana Khadija ta lulluɓe shi, ta tuna masa kyawawan halayensa, sa'an nan ta kai shi wurin masani, Waraƙa ɗan Naufal.

Saboda haka miji ya buɗe wa matarsa ƙofar ilmi, mata ta saurari mijinta ran da kasuwa ta juya. Idan alamun nan suka bayyana, musamman in mutum ya fara fatan mutuwa, a gaggauta zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Dawanau, ana yi ana addu'a. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.