Yaro da Sandar Besbol: Me Za Mu Fara Koya Masa?

Karatu: 2 Timoti 2:1-7, Farawa 4:1-8

 A wannan mako za mu yi tunani a kan wata tambaya da ta shafi kowane uba, da kowace uwa, da kowane malamin makarantar Lahadi. Daidai ne mu koya wa ƙaramin yaro son cin nasara, ko kuwa mu kāre shi daga zafin shan kaye har sai ya girma? Za mu ɗauki misalinmu daga wani wasa da ba a cika yi a ƙasashenmu ba, wato besbol, domin masu wannan wasa sun daɗe suna fama da tambayar nan.

Besbol ya yi ƙarfi a Amurka, da Japan, da Kyuba, da Jamhuriyar Dominika. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Mai jifa yakan jefo ƙwallo, mai bugu kuma ya yi ƙoƙari ya buge ta da sanda. In ya buga, sai ya ruga ya bi zango uku ɗaya bayan ɗaya, ya komo inda ya tashi, wurin da suke ce wa gida. Duk wanda ya komo gida, ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya. Amma in ya kuskure ƙwallon sau uku, ko aka cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko ta riga shi isa zangon fari, ya fita ke nan.

A shekarar 1939 wani mutum mai suna Carl Stotz ya kafa ƙungiyar wasan yara da ake kira Little League a garin Williamsport, jihar Pennsylvania. Da ƙungiyoyi uku ya fara, yau kuwa abin ya bazu cikin ƙasashe da yawa. Ga 'yan shekara 4 zuwa 7 akwai wani sauƙaƙƙen tsari da ake kira Ti-bol. Ba a jefo musu ƙwallo. Akan ɗora ta a kan wani turken roba da ya kai kusan ƙugun yaro, shi kuma ya buga. Darasin fari ƙanana ne: yadda zai riƙe sanda da hannu biyu, ya sa hular kwano, ya ajiye sandan a ƙasa bayan ya buga kada ya wurga ta ta sami wani, ya gudu zuwa zangon da ke hannun dama. Sau da yawa yaro yakan buga ya ruga hagu, ko ya bi ƙwallon da kansa, iyaye su yi ta dariya. A wurare da yawa ba a ƙirga maki a wannan mataki, kowane yaro kuma sai ya sami damar bugu. In an tashi, sai ƙungiyoyin biyu su yi layi, su bi juna suna ba da hannu.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Waɗansu sun ce rashin ƙirga maki ruɗin yara ne, gama duniya tana ƙirgawa, yaron da bai taɓa shan kaye ba kuwa ranar da ya sha zai karai. Waɗansu sun ce ɗan shekara biyar bai isa ɗaukar wannan kaya ba, in an matsa masa zai ƙi wasan gaba ɗaya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma duk wanda ya zauna da yara ya san suna ƙirgawa a zuciyarsu, ko manya sun rubuta ko ba su rubuta ba. Son cin nasara yana cikinsu tun kafin mu ce kome. Saboda haka aikinmu shi ne mu nuna wa wannan so matsayinsa, mu sa shi ƙarƙashin gaskiya da ƙaunar maƙwabci.

Manzo Bulus bai rena wasanni ba. Kusa da birnin Koranti akan yi manyan wasanni shekara biyu biyu, a naɗa wa gwani rawanin ganye. A 1 Korantiyawa 9:24-27 Bulus ya ɗauki wannan misali, ya gargaɗi masu bi su yi tseren bangaskiya da niyyar samun lada. A 2 Timoti 2:5 kuma ya tuna wa Timoti cewa rawani na wanda ya bi ka'idar wasa ne kaɗai. Idan muka haɗa ayoyin nan biyu, za mu ga himma abu ne mai kyau, ka'ida kuwa ita ce a gaba. Daga nan za mu iya fitar da abu uku da ya kamata yaro ya koya tun yana bugu a kan turke.

Na fari shi ne faɗin gaskiya ko da za ta jawo hasara. In ƙwallo ta riga yaro isa zango, ya yarda ya fita, ko alƙalin wasa bai gani ba. Abin baƙin ciki, yawancin ƙaryar da ake yi a wasan yara manya ne ke shirya ta. A shekarar 2001, a gasar duniya ta Little League, wata ƙungiya daga unguwar Bronx a birnin New York ta zo ta uku. Mai jifansu ya ba duniya mamaki, har akwai wasan da ba a sami ko mutum ɗaya da ya kai zangon fari a hannunsa ba. Daga baya bincike ya nuna shekararsa 14, ba 12 ba kamar yadda takardarsa ta nuna. Aka share dukan nasarorin ƙungiyar, aka haramta wa mahaifinsa shiga harkar Little League har abada. Sauran yaran, waɗanda ba su yi laifin kome ba, suka rasa wahalarsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu ma wannan cuta ba baƙuwa ba ce gare mu a ƙwallon ƙafa. Hukumar FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu don gane shekaru a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009. A ƙarshen 2022 hukumar ƙwallon Kamaru ta sanar cewa 'yan wasa 21 cikin 30 da aka kira sun faɗi irin wannan gwaji. Uban da ya rage wa ɗansa shekara a takarda ya koya masa cewa nasara ta fi gaskiya daraja, yaron kuwa zai tafi da darasin nan kasuwa, da ofis, da gidan aurensa. Ubangiji Yesu ya yi kashedi mai tsanani a Matiyu 18:6 a kan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe.

Na biyu shi ne iya shan kaye. Besbol malami ne a wannan fanni, gama ko a cikin ƙwararru, wanda ya buga da kyau sau uku cikin goma gwani ne. Ted Williams, ɗaya daga cikin shahararrun masu bugu, ya ɗan haura huɗu cikin goma a kakar 1941, har yau ana ba da labarin. Ashe gwani ma ya fi komawa wurin zama hannu wofi. Yaron da ya kuskure sau uku zai yi kuka, kada mu hana shi, kada kuma mu yi masa ƙarya cewa ya buga. Mu ce masa ya fita a wannan karo, zai sāke samun dama, mu kuma ƙaunarmu gare shi ba ta ragu ba. Littafin Farawa sura 4 ya nuna mana mutum na fari da ya kāsa ɗaukar wannan zafi. Aka karɓi baikon Habila, ba a karɓi na Kayinu ba. Allah ya yi masa magana, ya nuna masa ƙofar gyara tana buɗe, ya gargaɗe shi a kan zunubin da ke fakonsa. Kayinu ya ƙi duban aikinsa, ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Haka Saul ya yi da Dawuda a 1 Sama'ila 18, daga ranar da mata suka yabi Dawuda fiye da shi. Yonatan kuwa, wanda gādon sarauta nasa ne, ya je jeji ya ƙarfafa Dawuda, ya yarda ya zama na biyu, kamar yadda sura 23 ta nuna. Layin ba da hannu da ake sa yara su yi bayan wasa ƙaramin horo ne don kada su bi hanyar Kayinu.

Na uku shi ne ganin abokin karawa a matsayin maƙwabci. A watan Agusta na 2022, a garin Waco na jihar Texas, ana wasan neman shiga gasar duniya ta Little League, sai ƙwallon da wani yaro ya jefo ta kuɓuce ta bugi hular mai bugu, ɗan ƙungiyar Oklahoma, ya faɗi ƙasa. Da ya farfaɗo ya tafi zangon fari, sai ya hangi wanda ya jefe shi yana kuka. Ya bar zangonsa, ya taka har tsakiyar fili, ya rungume shi yana ba shi haƙuri. Ƙungiyarsa ce ta sha kaye a ranar, amma hoton nan ya zaga duniya. Irin wannan hali ba a rana ɗaya yake tsirowa ba. Wani ne ya shuka shi tun yaron yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan'uwa, 'ya'yanmu ba su da turken roba ko hular kwano, amma suna da ƙwallon tsumma, da langa, da kokawa, da gasar haddar ayoyi a majami'a. Darasin ɗaya ne, kuma yawancinsa daga bakin fili yake zuwa, inda manya suke tsaye. Uban da ke zagin alƙalin wasa, ko yana yi wa ɗansa tsawa a gaban jama'a don ya kuskure, ya rushe abin da mai horarwa ya gina. Kolosiyawa 3:21 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su karai. In ɗanka ya dawo daga wasa, kafin ka tambaye shi wa ya ci, tambaye shi ko ya yi gaskiya, ko ya gai da wanda suka kara da shi. Malaman makarantar Lahadi, in kun shirya gasa, ku ƙirga maki da gaskiya, ku ba wanda ya ci kyautarsa, ku kuma koya wa sauran su tafa masa. Wanda ya ci, ku koya masa ya gode wa Allah ba tare da yi wa kowa ba'a ba. Yaron da ya san iyayensa suna ƙaunarsa ko ya ci ko ya fāɗi, zai fi saurin gane bisharar alheri, cewa Allah ya karɓe mu saboda Almasihu, ba don yawan makinmu ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka tsare mu daga koya musu ƙarya saboda son yabo. Ka ba su himma a cikin kowane aiki, da zuciyar da za ta yi murna da nasarar ɗan'uwa, da ƙarfin tashi bayan fāɗuwa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.